Tasha Ta Tara

Mu uku aka haɗa, kuma ba mu muka zaɓi juna ba. Dokta, malamin da ke duba aikinmu, shi ya karanto sunaye ko kai bai ɗaga ba: ni, da Auta, da Dogo. Ya ce wani kamfanin jiragen sama ne zai ba mu matsalarsa mu warware masa kafin ƙarshen zango. Haka sashenmu yake yi da 'yan shekarar ƙarshe. Ba a barinka ka rubuta tulin takardu a kai laburare su yi ta barci. Kamfani na gaske ake nemo maka, da ciwon kansa na gaske. In ka burge su, ƙila su ɗauke ka aiki. In ka yi shirme, ka dawo baɗi ka zauna da ƙannenka.

Auta ɗakinmu ɗaya da ita tun shekarar farko. Sunan gida ne ya biyo ta makaranta ya ƙi sakinta, kuma ya dace da ita, don har yanzu in ta ji haushi baki take turowa. Dogo kuwa, Allah ya ba shi tsawo ya hana shi magana. In ka ji ya yi jimla biyu a jere, to kwamfutarsa ce ta samu matsala. Ni suna ce min Rediyo. Ban ga dalili ba, amma dai ban taɓa samun sararin yin shiru in yi tunani a kai ba.

Daraktar tsare-tsare ta kamfanin ita ta zo da kanta ta yi mana bayani. 'Yar ƙaramar mace ce mai tabarau, muryarta ƙasa-ƙasa, sai ka matso kafin ka ji ta. Ta ce suna da ƙananan tashoshi a garuruwa masu nisa, inda jirgi ɗaya ke sauka ya kwashi mutane ya juyo, kuma kusan dukansu asara suke ja. Dole a rufe ɗaya bana. Aikinmu shi ne mu gaya musu wacce.

“Mun cire sunayen garuruwan,” in ji ta. “Lamba kawai za ku gani. Mun lura in ɗalibi ya ga suna, zuciyarsa ce ke yin lissafin.”

Muka yi dariya, har da Auta. Aka ba mu takarda muka sa hannu cewa abin da muka gani ba zai fita daga bakinmu ba, ko ga uwar da ta haife mu. Dogo ya dube ni ya ce, “Rediyo, kin karanta kuwa?” Na ce masa ya ji da tsawonsa.

Ba a daɗe ba Dogo ya gama zuba alƙaluman a kwamfuta. Wata rana da la'asar muna teburin ƙarshe na laburare, kusa da tagar da ba ta rufuwa, ya juyo mana da allon. Tashoshin sun jeru daga mai dama-dama zuwa wadda ta fi kowa lalacewa. A can ƙasa, ita kaɗai, akwai Tasha ta Tara.

Na ce, “Shi ke nan, mun gama. A rufe Tara, a ba mu shaidarmu mu kama gabanmu.”

Auta ta ja kwamfutar gabanta. Ta buɗe bayanan Tara tana dubawa, ni kuma ina ta zuba game da irin takalmin da zan sa ranar gabatarwa. Can na lura ba mai amsa min. Ta kafe allon da ido, hannunta a kan bakinta. Sai ta miƙe ta fita, ko jakarta ba ta ɗauka ba.

A bayan laburare na same ta, wajen famfo. Ta buɗe ruwan yana ta zuba, ba ta taɓa shi ba.

“Tashar garinmu ce,” ta ce.

“Wa ya gaya miki? Lamba ce fa kawai.”

“Jirgin Tara bai taɓa tashi bayan la'asar ba, ko sau ɗaya. Titin jirgin garinmu ba shi da fitilu. Kuma daminar bara akwai makonnin da babu tashi babu sauka. Lokacin ne ruwa ya cinye hanyar filin jirgi, Yaya ya zauna a gida yana ta koya wa yara aikin makaranta har suka gaji da shi.” Ta juyo, idonta ya kaɗa. “Rediyo, Yaya ne a Tara.”

Na san Yaya. Shi ya kawo ta makaranta ranar farko, akwatinta a kafaɗarsa, yana ta tambayar ko ƙofar ɗakinmu na da sakata. Tun rasuwar babansu shi ne uban. A kantar kamfanin yake aiki a filin jirgin garinsu: shi ke duba tikiti, shi ke auna kaya, in jirgi ya sauka ya zura riga mai ƙyalli ya fita ya taya tura matakala. Yana da mata da yara, ga Innarsu a ɗakin baya da ciwon ƙafa. Ba wani abin da ya iya sai wannan aikin, kuma a garinsu babu wani filin jirgin.

Na ce mu je mu gaya wa Dokta. Ta riƙe min hannu har ya yi zafi.

“Ya cire ni daga rukunin? In na fita wa zai tsaya wa Tara? Ke da kike ta cewa a rufe?”

“To ki gaya wa Yaya.”

“In ce masa me? In ce ƙanwarka da ka tura karatu ita aka ba wuƙar?”

Wannan shi ne karo na farko da Auta ta ga bakina a rufe.

Daga ranar ta koma wata iri. Auta da ba ta fita sai ta shafa wannan ta goga wancan, yanzu sai ta ɗaura ɗankwali a kan gashin da bai ga mataji ba ta nufi laburare. In na ajiye mata shayi da burodi, nan zan dawo in same su, ƙuda na shawagi a kai. Kullum da sabuwar dabarar da za ta kawo wa Dogo, kullum kuma sai dabarar ta mutu a hannunsa.

Ta ce a ɗauka fasinjoji za su ƙaru. Dogo ya nuna mata cewa raguwa suke yi shekara da shekara. Ta ce a sa ƙaramin jirgi. Aka tambayi kamfani, suka ce ba su da shi kuma ba su da niyyar saya don gari ɗaya. Ta ce a rage yawan tashi a mako, Dogo ya gwada, asarar ta ƙaru, don tasha tana cin abincinta ko jirgi ya zo ko bai zo ba. Ta kwana biyu a kan maganar jigilar kayan lambu, har ta zana yadda za a jera kwanduna a cikin jirgin, sannan ta tuna filin ba shi da ɗakin sanyi. Ranar ta kifa kai a kan tebur, mai gadin laburare ya zo ya ce ba a barci a nan. Na ce masa ba barci take yi ba, ya matsa mana.

Dogo bai san komai ba, sai dai ya fara kallonta ta gefen ido. Wata rana ta matso kusa da shi, murya can ƙasa, ta ce, “Dogo, Tara da Tasha ta Huɗu ai ba su da nisa sosai a jerin nan. In ka ɗan rage nauyin da muka ba yawan fasinja, ka ƙara wa jinkirin tashi, ai Huɗu ce za ta koma ƙasa.”

“Me ya sa zan yi haka?”

“Gwaji ne kawai.”

“Ba gwaji ba ne.”

Ni kuma abin ya cika min ciki, na kasa riƙewa. “Yayanta ne ke aiki a Tara, kai ma ka cika taurin kai!”

Auta ta harare ni kamar ta kai min duka. Dogo ya cire hannunsa daga kan kwamfuta. A hankali ya yi maganar.

“Yi haƙuri, Auta. Amma Huɗu ma akwai yayan wani a can.”

Ta fashe da kuka a tsakiyar laburare, mutane na juyowa. Na ji haushin Dogo sosai a lokacin, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne ban ga inda ya yi kuskure ba. Ya ce ba zai taɓa alƙaluma ba, amma duk dabarar gaskiya da ta kawo zai gwada, ko sau nawa ne.

Yaya yana kira duk ƙarshen mako, kuma sai an sa wayar a bayyane don ya tsokane ni. Wannan Asabar ɗin muna wanki a bayan ɗaki, wayar na kan bokitin da muka kife.

“Rediyo na nan? Ban ji tashar ta kama ba.”

“Ina nan, Yaya. Batir ne ya yi sanyi.”

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi tsawo ba. Ya ce ana ta raɗe-raɗi a wurin aiki wai kamfani zai rufe wata tasha, kowa ya sha jinin jikinsa. Auta ta tsaya da rigar da take matsewa, kumfa na bin hannunta.

“Ni abin da ke ba ni mamaki,” in ji Yaya, “mu nawa ne, nawa ake ba mu? Wannan tsohon janaretan ya fi mu duka ci. Ga taraktar jan kaya kullum tana wajen bakanike, ga matakala sai an yi mata walda. Maƙwabtanmu na ɗaya kamfanin ba ruwansu da wannan wahalar, 'yan kwangila ke musu komai da kayansu sababbi fil. Mu kuwa muna fama da gwangwani.”

Ana kashe wayar Auta ta bar wankin a ruwa ta shige ɗaki da gudu. Na bi ta ina tambaya ko lafiya. Ta riga ta buɗe kwamfuta da jiƙaƙƙen hannu.

A cikin bayanan da aka ba mu akwai layi ɗaya da ake kira kuɗin gudanar da tasha. Dunƙule yake, ba a rarraba shi ba. Tun farko mun nemi a fasa mana shi mu ga cikinsa, kamfani ya ce wannan sirrinsu ne, mu yi aiki da shi yadda yake. A Tara layin nan ƙato ne, shi ke danne ta. Auta ta yini tana tono rahotannin kamfanonin jirage na ƙasashe daban-daban, ta samo da yawa da suka miƙa hidimar ƙasa, wato duk hidimar da ake wa jirgi in ya sauka, ga kamfanin kwangila a ƙananan filaye, kuɗin tasharsu ya faɗi kusan rabi.

Washegari ta tare Dogo tun bai zauna ba. Ya rage layin kamar yadda rahotannin suka nuna, ya danna. Tara ta taso daga ƙasa, ta wuce Huɗu, ta wuce Shida, ta fita daga asara da ɗan ƙaramin rata.

Auta ta yi ihu ta rungume ni, muka kusa faɗuwa da kujera. Mai gadi ya taso, na ce masa yau kam ko ya kira shugaban jami'a.

Dogo bai yi murna ba. Ya ce, “Me ke cikin layin nan?”

“Kayan aiki mana. Janareta, tarakta, matakala, gyare-gyare. Su ke cinye kuɗin. Yaya da bakinsa ya faɗa.”

“Albashi fa?”

“Albashin nasu nawa yake? Ka taɓa ganin takalmin Yaya?”

Ya ce to. Ni ma na ce to. Mutumin da ke cikin tashar ya faɗa, mu da muke kallon lamba wa za mu ƙaryata? Kuma gaskiya mun gaji da ganin Auta tana ramewa, muna son abin ya zama haka.

Dokta ya karanta ya cire tabarau ya dube mu kamar yau ya fara ganinmu. Ya ce, “An tambaye ku wacce za a rufe, kun ce kada a rufe kowa, ga hanya. Irin wannan nake nema shekara da shekaru.” Har yau ina jin haushin mutumin nan. Ya san abin da miƙa hidimar ƙasa ke nufi, ba yau ya fara koyar da shi ba. Sai dai shi a wurinsa wannan ba matsala ba ce da zai tsaya faɗa, don bai san akwai wani Yaya a cikin layin ba, mu kuma ba mu gaya masa ba.

Ranar gabatarwa muka je babban ofishin kamfanin. Ɗakin taron yana hawa na sama, sanyin na'ura kamar cikin firiji, ga dogon tebur mai sheƙi da ɗan jirgin roba a tsakiya. Dogo ya aro kwat da hannunta ya tsaya masa a rabin dantse. Manya sun kai shida, Darakta a tsakiya, kusa da ita wani mai tumbi da aka ce shi ne shugaban sashen kuɗi. Dokta ya zauna a gefe yana ta gyara wuyan riga.

Ni na buɗe, Dogo ya bi da alƙaluma, sannan Auta ta tashi. Ban taɓa ganinta haka ba. Ba ta duba takarda ba ko sau ɗaya. Ta yi maganar garin da jirgi ke haɗa shi da duniya, da marar lafiya da ba zai iya doguwar tafiyar mota ba, da yadda kamfani in ya bar gari abokin hamayyarsa ke gaje shi. Sannan ta nuna hoton ƙarshe a majigi: Tara a sama da layin asara. Ta ce, “Ranku ya daɗe, Tara ba ta mutu ba. Kaya ne suka yi mata yawa.”

Darakta ta rubuta wani abu, ta ɗago.

“Rabin kuɗin tasha,” ta ce. “Kin tabbata za a samu?”

“Ƙwarai, ranki ya daɗe. In aka daina kashe kuɗi a kan janareta da tarakta da matakala, aka yi amfani da na 'yan kwangila.”

Mai tumbi ya yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa yaro in ya faɗi daidai ta hanyar da ba ita ba. “Matakala da tarakta ai namu ne, 'yata. Mun gama biyansu tun ba ku shiga jami'a ba. Man janareta da gyara ɗan abu ne a ciki. Layin nan mutane ne.”

Auta ta ce, “Na'am?”

“Albashi, asibiti, horon da doka ta ce a maimaita musu duk shekara, kayan sawa, fansho. Jirgi ɗaya a rana, amma dole mu riƙe cikakkun ma'aikata. In ɗan kwangila ya karɓa, da mutanensa yake zuwa. Nan rabin naki yake.” Ya juya ga Darakta. “Lissafinsu daidai ne. Har ya fi nawa kyau.”

Na dubi Auta. Tana tsaye, abin danna majigin a hannunta, bakinta a ɗan buɗe.

Darakta ta ce, “Mun daɗe muna zagaya wannan maganar a cikin gida, ba wanda ke son ya zama shi ya fara faɗa. Yanzu bincike daga waje ya nuna. Ba za mu rufe Tara ba. Kuma ban ga abin da zai hana a yi haka a sauran ƙananan tashoshin ba.”

Suka tafa mana. Dokta ya fi kowa tafi.

“Ranki ya daɗe,” in ji Auta, “akwai gyara. Ba haka muke nufi ba. Alƙaluman, ba mu tantance su sosai ba, a ba mu lokaci mu sake…”

“Kada ki rage wa aikinki daraja,” in ji Darakta tana tattara takardunta. “Mata muna yawan yin haka. Kin yi aiki mai kyau, ki tsaya a kansa.”

Suka miƙe. Dokta ya nufo mu hannu a buɗe, Auta ta ratsa ta gefensa ta fita. Na bi ta. Ta cimma Darakta a bakin lif, ta sha gabanta, har ta kama gefen hannun rigarta.

“Don Allah, ranki ya daɗe. Don girman Allah. Yayana ne a Tara. Shi ya riƙe ni, shi ke riƙe da gidanmu. Na yi wannan ne don in cece shi, ban san mutane ne a layin ba. Ku cire shawarar. Ku ce ba mu iya ba, ku kayar da ni, na yarda in maimaita shekarar.”

Darakta ta dubi hannun da ke riƙe da rigarta har Auta ta saki. Fuskarta ba ta yi fushi ba, kuma da ta yi fushin da ya fi min sauƙi.

“Bai kamata ki gaya min wannan ba,” ta ce a hankali. “Zan yi kamar ban ji ba, don in na ji, aikinku duka ya lalace, har na abokanki. Shawarar kuma ta riga ta fita daga hannunki, mutum shida sun ji ta. Ko na kayar da ke, lissafin ba zai canja ba.”

“To shi fa? Yaya fa?”

“'Yan kwangila sukan ɗauki wasu daga cikin tsofaffin ma'aikata. Ba duka ba. Sun fi son matasa.” Ƙofar lif ta buɗe, ta shiga, ta juyo. “Kuma ki tuna kin sa hannu. Sai mun sanar da kanmu.”

Ƙofar ta rufe. Auta ta sulale ta zauna a ƙasa, a kan tayil ɗin nan mai sanyi, da kayanta na gabatarwa. Wani ma'aikaci ya zo wucewa da tiren shayi ya ratse ta gefenmu. Dogo ya iso ya tsaya a kanmu, ya cire kwat ɗin aron ya riƙe a hannu.

Mun samu maki mafi girma a ajinmu. Aka liƙa hotonmu a allon sashe, Auta a tsakiya kamar wadda aka ɗauko daga gadon asibiti. Ta rubuta wa Darakta saƙo ya fi a ƙirga, da sababbin dabaru: a sa wa ɗan kwangila sharaɗin ɗaukar tsofaffin ma'aikata, a yi abin a hankali, a fara da wata tashar. Amsa ɗaya ta samu, daga sakatare, cewa an gode. Ta je wurin Dokta, ya ce mata aikin ɗalibi ya ƙare a ranar gabatarwa, sauran na kamfani ne. Asabar biyu Yaya na kira tana cewa in ce masa tana wanka, ni kuma in cike gurbin da labarin makin da muka samu.

Asabar ta uku, muna haɗa kayanmu a kwali da rana tsaka don an ce a bar ɗakuna, wayar ta yi ta ƙara ba ƙaƙƙautawa. Na ce, “Auta, in ba ki ɗauka ba zai hau mota ya zo.” Ta ɗauka ta ajiye a kan katifa.

Hayaniya ce ta fara fitowa, yara na ihu, ana buga wani abu kamar murfin tukunya.

“Autarmu! Ina kika shiga? Rediyo, kina ji? Ku taya mu murna! Manaja ya tara mu jiya, takarda ta zo daga sama. Ba za a rufe tasharmu ba!”

Rabin labarin kamfani ya aika musu, babu maganar 'yan kwangila. Auta ta dafe bango.

“Alhamdu lillahi, Yaya,” na ce, don wani ya ce wani abu.

“Wallahi na yi wata ban yi barcin kirki ba. Ban gaya miki ba ne, Auta, don kada in dagula miki karatu. Akwai wani kamfanin jigilar kaya a babban gari da suka neme ni, mai kula da sito. Albashin bai kai nan ba, ga nisa da Inna, amma na ce in tasha ta rufe ai ya fi zama. Suna ta jira ina ta ja musu rai. Yau da safe na kira su na ce na gode, ina nan inda nake.”

“Yaya,” in ji Auta. “Kira su.”

“Wa?”

“Masu siton. Kashe wayar nan ka kira su yanzu. Ka ce ka fasa, ka ce kuskure ka yi.”

Ya yi dariya. “Ke Auta, ba ki ji abin da na ce ba? Tasha ta tsira. Ai har na tura musu wani abokina da ke zaune ba aiki, ya fi ni buƙata. Ƙila ma yana hanya.”

“Kira su, Yaya. Don Allah. Don darajar Inna ka kira su.” Ta durƙusa a gaban katifar, ta kama wayar da hannu biyu, hawaye na ɗiga a kan gilashin. “Ka ce kai za ka zo. Ka kira su yanzu, yanzun nan.”

Dariyar ta tsaya. Muka ji ya ce wa yaran su yi shiru, muka ji ƙarar ƙofa, hayaniyar ta koma nesa.

“Auta,” ya ce, muryarsa ta sauka ƙasa. “Binciken nan naku da aka ba ku maki mai yawa. Wane kamfani kika ce kun yi wa?”